Madobiya da Ƙirya a Rumfar Kafinta: Katakon da Ba Ya Son Gaggawa

A ƙasar Magama ta Jihar Neja, daga Nasko hedikwatar ƙaramar hukumar har zuwa Auna da Salka da Ibeto, mutum biyu ne ke cin abinci da itace, kuma kowa da irin iliminsa. Akwai masassaƙi mai gatari da gizago, wanda ya gaji sanin dawa, ya san ƙirya ce ta turmi da taɓarya, marke na ƙota da ginshiƙin rumfa, maɗaci da kawo kuwa na manyan ayyuka. Akwai kuma kafinta mai zarto da guduma, wanda ya buɗe ido a kan farin katakon da ake ɗorowa daga dazuzzukan kudu, irin su obece da afara, katako mai sauƙin kai da ke karɓar ƙusa ba gardama, ya sha gam, ya sha fenti. Da kuɗin mota da tsadar katakon kudu suka yi yawa, sai falankan gida da masu injin sarƙa ke tsagowa a daji suka ƙara samun shiga rumfunan kafintoci, waɗanda galibinsu a ƙofar gida suke ko cikin zaure. Nan matsalar ta faro. Kafinta ya karɓi itacen masassaƙi, amma da hannun da ya saba da farin katako yake taɓa shi. Ƙusa ta tanƙware, falanki ya dare, gam ya saki, banish ya ƙi bushewa, sai a ce katakon ne mai taurin kai. Abin da nake son nunawa shi ne laifin ba na katakon ba ne, kuma tunda waɗannan bishiyoyi sun fara wuya, aikin gaggawa a kansu ya tashi daga rashin ƙwarewa ya zama ɓarnar dukiya. Wanda zai yi aiki da su ya bi ƙa'idarsu, ya kuma sa su inda ake buƙatar halinsu kaɗai.

A fara da nauyi, domin daga shi sauran halayen suka samo asali. Busasshen obece bai cika kai kilo 400 a kowace kubik mita guda ba. Madobiya tana haura kilo 800, ƙirya kuwa tana kaiwa wajen kilo 1,000, abin da ya sa wani guntunta kan nutse in an jefa shi ruwa. In aka mayar da lissafin kan falankin da kowa ya sani a kasuwar katako, mai tsawon ƙafa 12 da faɗin inci 12 da kaurin inci 1, na obece zai yi kilo 11 ko kusa da haka, na madobiya kilo 24, na ƙirya ya doshi 28. Girma ɗaya ne, amma nama ya ninka fiye da sau biyu, ma'ana ƙofofin iskar da ke cikin katakon sun ragu ƙwarai. Sauran 'yan ƙofofin da suka rage ma bishiyar ta cike su da ƙaro da maiƙo da wasu sinadarai da take tarawa a zuciyarta shekara da shekaru. Su ne ke ba madobiya launinta na ruwan zuma mai jirwaye ja, su ne kuma ke sa gara ta zagaye turken ƙirya ta wuce. Amma a zuciyar kawai suke. Farin naman da ke tsakanin ɓawo da zuciya ba shi da wannan kariya, ƙwaro na cin sa kamar kowane katako, don haka falankin da gefensa ya yi fari bai kamata a biya shi kuɗin mai jan ciki zalla ba. Dillalai sun san haka sarai, mai saye ne sau da yawa bai sani ba.

Kafin a shiga rumfa, ya kamata mai karatu ya san abin da duniya ta yi da madobiya, don ya gane irin abin da ke kan bencin kafinta. A ƙasar Sin akwai kayan ɗaki na alfarma da ake kira hongmu, waɗanda ake yi bisa salon zamanin sarakunan Ming da Qing, kuma a shekarar 2000 hukumomin ƙasar suka fitar da jerin itatuwa 33 da aka yarda a yi su da su. Madobiya na cikin jerin. Da itatuwan kudu maso gabashin Asiya suka yi ƙaranci, 'yan kasuwa suka juyo Afirka ta Yamma, suka bi Gambiya da Senegal da Gini Bisau da Ghana da Benin, kafin daga bisani Najeriya ta zama babbar mai fitarwa, musamman daga dazuzzukan Taraba da Kogi, inda masu harkar ke kiran itacen koso ko madrid. A 2017 wata ƙungiyar bincike kan muhalli mai suna EIA ta wallafa rahoton da ya yi zargin cewa gungume fiye da miliyan 1.4, masu darajar kusan dala miliyan 300, sun bar Najeriya zuwa Sin ba bisa ƙa'ida ba. Tun a watan Janairun wannan shekarar yarjejeniyar CITES, mai sa ido kan cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe, ta fara aiki da ƙa'idar da ta sa madobiya a rukuni na biyu, wato sai da takardar izini. A 2018 aka dakatar da fitar da ita daga Najeriya, a shekarar kuma ƙungiyar IUCN ta lissafa ta cikin bishiyoyin da ke fuskantar barazanar ƙarewa. A 2022 takunkumin ya game sauran ƙasashen da take fitowa, sannan a taron Panama na watan Nuwamban shekarar aka ƙara kawo da maɗaci na Afirka cikin rukuni na biyun.

Abin lura a nan shi ne gungume aka riƙa fitarwa, ɗanye, an ɗan sassabe shi ya yi kusurwa huɗu don ya shiga kwantena. Busarwa da tsagawa da haɗawa da gogewa duk a Sin aka yi su, kuma a waɗannan ayyuka ne kuɗin yake. Wanda ya sare bishiyar ya samu na cefane, wanda ya iya sarrafa ta ya samu na gina gida. Wannan bambanci bai tsaya tsakanin Najeriya da Sin ba, yana nan tsakanin rumfa da rumfa a gari ɗaya.

Matakin farko, wanda kuma aka fi tsallakewa, shi ne busarwa. Katako yana shan laima daga iska yana kuma sakinta, yana kumbura yana tsukewa, har bayan ya zama ƙofa ko gado. A yankin Kontagora wannan hawa da sauka yana da tsanani, domin a watan Agusta iska cike take da ruwa, in hunturu ya kama kuwa laimar takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Katako mai nauyi ba ya sakin ruwansa da wuri. Fatarsa ta waje takan bushe ta nemi tsukewa alhali cikinsa na nan jiƙe bai motsa ba, sai wajen ya tsage. Bakunan falanki biyu su suka fi saurin zubar da ruwa, domin nan ne jijiyoyin itacen suke a buɗe, shi ya sa tsaguwa take farawa daga can ta bi tsawo. Maganin ba ya buƙatar inji. A shafe bakunan da ragowar fentin mai ko narkakken kakin zuma tun ranar da aka tsaga. A jera falankan a inuwa, nesa da ƙasa, a sa 'yan siraran sanduna masu kauri ɗaya tsakanin kowane biyu, sandar sama daidai kan ta ƙasa, a danne saman da duwatsu ko bulo. In hunturu ya yi ƙarfi a rataya buhu ta gefen da iska ke bugowa, don a nan ƙasar saurin bushewa ne abin tsoro, ba jinkirinsa ba. Jingina falanki a bango cikin rana, kamar yadda aka saba gani, hanya ce ta samun katako mai kama da baka. Wanda ba shi da na'urar gwada laima yana iya zaɓar falanki ɗaya ya riƙa ɗora shi a sikeli lokaci-lokaci yana rubuta nauyin a jikinsa da alli. Ran da nauyin ya daina sauka, katakon ya daidaita da iskar wurin. Mai kaurin inci ɗaya watanni yake ɗauka, mai inci biyu ko uku kuwa gara ya ga damina ya ga rani.

Za a ce ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma masassaƙa tun kaka da kakanni ɗanyen itace suke fafewa. Gaskiya ne, kuma dalilinsu mai ƙarfi ne, domin busasshiyar ƙirya tana iya mayar da bakin gizago. Sai dai turmi gungume ɗaya ne, babu inda aka haɗa shi da wani. In ya tsuke, gaba ɗayansa ya tsuke. In ya ɗan tsage a baki, bai hana daka ba. Fafe cikin ma yana rage masa naman da zai ja ya fasa shi, kuma masassaƙi ba ya shanya sabon turmi a rana. Aikin kafinta kuwa haɗe-haɗe ne, wannan a tsaye wancan a kwance, alhali katako a faɗinsa yake tsukewa, kusan ba ya motsi a tsawonsa. Ƙofar da aka haɗa da ɗanyen falanki a ƙarshen damina, kafin watan Fabrairu za a riƙa hango tsakar gida ta tsakanin allunanta. Wadda aka matse ƙam a tsakiyar hunturu ba tare da barin 'yar sarari ba, ita kuma a Agusta sai an sa kafaɗa kafin ta rufu. Ilimin masassaƙi daidai ne a muhallinsa, kuskuren shi ne ɗauko rabinsa a kai inda ba nasa ba.

Sai batun ƙarfe. Wannan katako yana cinye kaifi, wasu irinsa ma, kamar tik da ake shukawa a gandun daji, suna ɗauke da ɗan yashi-yashi a cikin namansu wanda ke dakushe zarto da wuri. Kafintan da ya saba wasa kurfinsa sau ɗaya da safe zai ga dole dutsen wasa ya zauna kusa da hannunsa. Bakin da aka fiƙe siriri don farin katako yakan gutsure a kan ƙirya. A ɗan tsayar da shi, daga wajen digiri 25 zuwa 30 ko 35, ya fi jurewa. Madobiya da maɗaci suna da wata ɗabi'a kuma: zaren namansu ba ya tafiya hanya ɗaya, wani layi ya karkata dama, na kusa da shi ya karkata hagu. Wannan ne ke ba su ratsin nan mai walƙiya in haske ya faɗa musu, shi ne kuma ke sa filen ya yi sumul a nan ya tsattsage a can, ko ta wace fuska aka tura shi. Dabarar ita ce a fito da bakin kaɗan ƙwarai ta yadda abin da yake ɗebowa zai yi sirantar takarda, a riƙa tura shi a karkace, inda ya ƙi kuma a koma kankara. Guntun tsohon zarto da aka daidaita wa baki da magagari yana yi, ɓallin gilashin taga ma yana yi. A riƙe shi da hannu biyu, a ɗan kwantar da shi gaba, a ja. In yana aiki daidai, 'yan nannaɗaɗɗun zare ne za su riƙa tashi, ba gari ba, kuma wurin da ya bi zai fito da sheƙi tun ba a shafa komai ba. Sanfefa ba ta ba da wannan, domin maiƙon yana toshe ta nan da nan, ta koma shafa datti maimakon ci. Masu cewa aikin katako mai tauri sai da manyan injina da wuta tsayayya suna da gaskiya a wajen tsaga gungume, amma ba a wajen sauran aikin ba. Madatsar Kainji tana ba da wuta tun 1968, ga ta nan kusa, duk da haka kafintan ƙasar Magama bai isa ya dogara da lantarki ba. Abin da ya rage masa shi ne kayan hannu masu kaifi, kuma a wannan katako su ne ma suka fi ba da kyakkyawar fuska.

Ƙusa ita ce babbar al'adar da ya kamata a rage. A farin katako ƙusa tana matse naman gefe ta samu wuri, a madobiya kuwa babu inda naman zai matsa, sai ta zama tsinken da ke raba itace biyu, ko ita kanta ta lanƙwashe. In dole ne a sa ta, ko a ɗaura sukuru, sai an fara huda rami da ya kusa kaurinta, a shafa wa sukurun kaki ko busasshen sabulu don kada kansa ya karye a ciki. Akwai kuma aibin da ba ya bayyana sai daga baya: ƙarfe in ya haɗu da laima da sinadaran da ke cikin irin waɗannan itatuwa yakan bar baƙin tabo kewaye da kan ƙusar, tabon da ba ya kankaruwa domin cikin nama ya shiga. Abin da ya dace da katakon shi ne haɗin da ba ya dogara da ƙarfe, a fafe rami a jikin ƙafar kujera, a sassaƙe kan sandar da za ta shiga daidai da shi, a tusa, sannan a huda su tare a soke da ɗan turken katako mai tauri. Irin wannan haɗi ne Sinawa suke tinƙaho da shi a kayan hongmu, kuma ba baƙon abu ba ne a nan, domin ƙotar fartanya da ta gatari ma tusawa ake yi. Yana cin lokaci. Amma taurin da ke wahalar da mai fafewa shi ne ke hana ramin buɗewa bayan shekaru, abin da farin katako ba zai iya ba.

Gam ne ya fi ba kafintoci mamaki, domin haɗin yakan yi kyau a rumfa, sai an kai gidan amarya ya saki. Farin gam da aka saba da shi ruwa ne tushensa, yana kamawa ne in ya jiƙa fuskar katakon ya ɗan shiga ƙofofinta. A katako mai maiƙo ƙofofin a cike suke, kuma bayan an goge fuska, maiƙon yakan sake tasowa sama cikin sa'o'i ko kwanaki, sai gam ɗin ya bushe a kan mai maimakon a kan itace. Gwajin mai sauƙi ne: a ɗiga ruwa a wurin, in ya bazu ya jiƙa, gam zai kama; in ya dunƙule ya tsaya, ba zai kama ba. Don haka fuskar da za a haɗa, a ranar haɗin ake kankare ta, a goge da farin tsumma da aka jiƙa da tina ko sifirit har tsumman ya rage ɗaukar launi, a bari ya sha iska 'yan mintoci, a shafa gam nan take a matse. Kalanzir da man gas ba sa wannan aiki, su kansu mai suke bari, fetur kuwa a rumfar da ke jikin gida neman gobara ne. Inda haɗin zai ɗauki nauyi ko zai sha ruwa, gam mai kwalba biyu da ake cakuɗawa, irin su Araldite, ya fi riƙo, ko da yake ya fi tsada. Matsewar ma da iyaka, domin katakon ba ya shan gam, in aka ƙure matsi sai duk ya tsiyaye waje haɗin ya zauna a bushe. Ni dai a ganina gam a irin wannan aiki mataimaki ne. Haɗin da ba zai tsaya da kansa ba in babu shi, tun farko ba a yanka shi daidai ba.

Haka labarin yake a wajen banish. Mai tushen mai yana bushewa ne ta hanyar haɗuwa da iska, kuma sinadaran wasu itatuwa masu maiƙo suna hana wannan haɗuwa, sai a wayi gari kujera tana danƙo mako guda, ƙurar hunturu ta manne mata. Goge fuskar da tina kafin shafawa yana taimakawa, shafi na farko kuma ya zama siriri, a gwada a guntun da ba a so tukuna. Amma tambayar da ta fi wannan ita ce me ya sa ake lulluɓe madobiya da banish mai kauri, wani lokaci har da jan kala, alhali launinta ne Sinawa suka ƙetaro teku suna nema? Fuskar da aka kankare da kyau, kakin zuma kaɗan da goga da tsumma sun ishe ta. Akushi da muciya da duk abin da zai taɓa abinci kuwa, ɗan man kaɗe ya wadatar, ga shi Jihar Neja ce kan gaba wajen kaɗanya a ƙasar nan. Baƙin man mota da ake shafa wa katakon rufi saboda gara ba shi da wurin zama a kayan ɗaki.

Akwai abin da ya shafi rumfar gida musamman, wato ƙura. Tun 1995 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar, musamman a hanci da kogunansa, kuma ta katako mai tauri ce aka fi alaƙantawa da hakan. Kafin a kai can ma, sinadaran da ke korar gara suna iya sa atishawa da ƙaiƙayin fata da jan ido, wasu mutanen har da asma. Babban kamfani yana da injin zuƙe ƙura, zaure kuwa hanyar shiga gida ce, yara na wasa a ciki, ana wucewa da abinci. Kankara maimakon sanfefa tana rage ƙurar sosai. In za a goga, a fita waje iska ta bi bayan mai aikin, a sa takunkumin ƙura na gaske ba ƙyalle ba, a yayyafa ruwa kafin shara, a kuma cire rigar aiki kafin a ɗauki yaro.

Ƙorafin da kafinta zai fara kawowa shi ne na kasuwa, kuma ba ƙaramin ƙorafi ba ne. Wa zai ajiye jarinsa a inuwa wata shida yana jiran ya bushe? Uban amarya gado da kabad yake so kafin ranar ɗaurin aure, masu ƙyalli, a kuɗin da zai iya, kuma allon garin katako da aka liƙa wa leda yana ba shi hakan. Ba na cewa a yi kabad da ƙirya. Wannan ma shi ne kuskuren. Bangon kabad ba ya buƙatar ƙarfin da zai jure daka, kuma wanda ya taɓa ɗora gadon madobiya zalla a mota ya san nauyin ba ado ba ne. Inda katakon ke biyan wahalarsa shi ne inda sauran ke mutuwa: ƙafafun gado da na benci da ke taɓa ƙasa, dokin ƙofa da madogararta, ƙotoci, kujerar tsugunno, marfin akwati, abin ɗora Alƙur'ani. A yi ƙashin abu da mai tauri, a cike jikinsa da malaina ko wani mai sauƙi, kuɗi ya sauka, ƙarko ya ƙaru. Ƙananan kaya kuma suna da wata riba, domin guntaye sun fi saurin bushewa, ba sa cin jari, kuma daga ragowar da masu inji ke zubarwa a daji ake iya samunsu. Jiran ma sau ɗaya yake ciwo: wanda ya riƙa ware falanki biyu ko uku daga kowane sari yana jerawa, bayan shekara zai zama kullum yana da busasshe a hannu. Araha ba ta ado, kuma mutanen karkara sun fi kowa sanin haka a kan turmi, inda mace ke tambayar itacen kafin ta tambayi kuɗin. Abin da ya rage shi ne kafinta ya iya nuna wa mai saye bambancin a kayan ɗaki kamar yadda masassaƙi ke nunawa a nasa.

Ƙorafi mafi nauyi daga ɗaya gefen yake zuwa: in madobiya tana ƙarewa, koya wa mutane yadda za su ji daɗin aiki da ita ba ƙara wa wuta mai ba ne? Dole a ɗauki wannan da gaske, domin bishiyar tana da masu haƙƙi da yawa ban da kafinta. Makiyaya suna sassabo ganyenta da na kawo su ba shanu a ƙarshen rani lokacin da ciyawa ta ƙare. Tana cikin dangin wake, tana ƙara wa ƙasa ƙarfi. 'Ya'yan ƙirya ana daddawa da su, gawayinta kuma shi maƙera suka fi so. Duk wanda ya kayar da ɗaya ya taɓa abincin wasu, kuma sai an yi shekaru gommai kafin wata ta kai girmanta. Sai dai in aka duba inda itacen ke tafiya, rumfar ƙofar gida ba ita ce babban baki ba. Buhunan gawayin da ake jerawa a bakin manyan hanyoyin Jihar Neja, daga itatuwa masu nauyi ake fi son yin su, domin su ne ke daɗewa a murhu, kuma ƙiryar da za ta yi ƙafafun gadaje masu yawa takan ƙone a girkin 'yan makonni. Injin sarƙa kuma kowane yanka yana mayar da kusan santimita guda gari, ga rassa da kan bishiyar da ake bari a daji saboda ba su kai tsawon falanki ba. Takunkumin CITES cinikin ƙetare ya shafa, bai hana ɗan ƙasa amfani da itacen ƙasarsa ba. Wannan yana hannun dokokin gandun daji na jiha da izinin da jami'ansu ke bayarwa, kuma kafintan kirki ya kamata ya tambayi inda falankinsa ya fito kafin ya biya. Kujerar da ta yi shekara 40 bishiya ɗaya ta ci, wadda ake sakewa duk bayan shekara biyar kuwa takwas za ta ci a wannan tsawon.

Akwai kuma hanyoyin samun katakon da ba sa buƙatar sabon sara, ga shi matsalar tsaro ta sa shiga dazuzzukan masarautar Kontagora ya zama kasada. Tsofaffin ƙyamare da ginshiƙan gidajen da aka rushe, turamen da gindinsu ya huje, bishiyar da iska ta kayar a gona, duk katako ne, wasunsu ma sun riga sun bushe fiye da yadda kowace rumfa za ta iya busarwa, sai dai a bincika tsofaffin ƙusoshi kafin a sa zarto. Madobiya kuma tana tohowa daga kututture in ba a ƙone shi ba. A yankin Maradi, tun daga shekarun 1980, manoma suka rungumi dabarar barin irin wannan toho a gonakinsu, su zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi su sassabe sauran, kuma an ƙiyasta cewa hakan ya dawo da bishiyoyi kusan miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a Jamhuriyar Nijar. Ƙasar Magama ta fi Maradi ruwan sama nesa ba kusa ba, kututturan da masu inji suka bari kuma suna nan a gonaki da bakin daji. Abin da ke kashe tohonsu shi ne wutar daji da bakin dabbobi a shekarun farko, sai kuma manomin da ke tara kara a kansu ya cinna wuta lokacin sharar gona.